Ɗakin Saje

Ña Zunilda ta kwanta a ƙasa a bayan gidan haya, ta miƙe ƙafafu, ta ce wa 'yarta Nimia ta ja layi da sanda daga kanta zuwa diddige.

"Mama, ƙadangare za a yi wa ɗaki ko gwamna?"

"Ja layi. Ki ƙara taki guda saboda wutsiya."

Kogi ya tumbatsa a watan Mayu kamar yadda ya saba mana mu mutanen Bañado, unguwar bakin kogi, sai dai bana bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya shanye ɗakin Ña Zunilda har rufi. Abin da ta fito da shi a kwalekwale bai wuce tukunya da bargo da akwatin katakon Saje ba. Saje teju ne, damon nan namu mai zanen baƙi da fari. Marigayi mijinta ya rene shi tun bai fi yatsa ba, har ya girma yana bin ta kamar kare. Duk unguwa an san shi.

Duk wanda ya tambaye ta, cewa take ita ba ta da damuwa, ƙanwarta da ke garin Luque ta ba ta gado. Saje ne ba shi da wuri. Ga sanyi ya kawo kai, don mu a nan a watan Yuni hunturu ke kamawa.

Filin da aka zube waɗanda ruwa ya kora ya cika tun kafin ta isa. Nimia kuwa ɗaki ɗaya take ciki da miji da 'ya'ya, kuma mai gidan, Karai Venancio, ya faɗa a gaban kowa: kai ɗaya ya ƙaru, duka a waje.

Ña Zunilda ba ta roƙe shi ba. Ba ta taɓa roƙon kowa ba. Ramukan gindin rumbunsa ta tsaya kallo.

"Karai, ɓeraye sun gama maka masara. Ina da maganinsu. Ba ya shan ruwan famfo, ba ya tara baƙi."

Ya ba ta lungun da ke tsakanin katanga da bishiyar mangwaro.

A birni akwai shagon da ke sayar da kejin gilashi na irin waɗannan dabbobi. Ta ji kuɗin, ta fito ba sallama. Ya fi na akwatin gawar mijinta. Kwana biyu ba a gan ta ba. Sai ga ta da tsohon kwanon rufi a ka, da kusoshi a ƙulle a bakin zane.

"Ina kika sami kuɗin kwano, Mama?"

"Abin da ruwa ya bar mini na sayar."

Katako ta tsinto a bayan kasuwa. Ta ɗaga daɓen daga ƙasa saboda laima, ta shimfiɗa buhuna da busasshen ganye, ta toshe kowace kafa da tsumma. Ta jawo waya daga tagar Nimia ta rataye ƙwan lantarki. Sakata kuwa da kanta ta kafa, ba ta bar surukinta ya sa hannu ba. Sannan ta shigar da akwatin, a rufe.

"Ña, teju barci yake duk tsawon sanyi," in ji Karai Venancio. "Me zai yi da wuta?"

"Tsoho ne, Karai. Kai ma ka kusa fara nema."

Jikoki suka yi ta naci a nuna musu Saje. Ta ce ya riga ya shiga barci, wanda kuwa ya tashi teju a watan Yuni ya kashe shi. Wannan ko ɗan goye a nan ya sani. Sai Satumba.

Kullum da yamma takan zo da ƙwai biyu da guntun rogo, ta leƙa lungun, sannan ta yi wa Nimia sallama ta nufi tashar motar Luque.

"Mai barci yana cin ƙwai? Kuma dafaffe?" in ji Nimia.

"Haƙoransa sun tafi. Ke dai kula da tukunyarki."

Ɓeraye ba su ragu ba. Ranar da iskar kudu ta taso, Karai Venancio ya tarar da buhu guda a huje, ya nufo lungun da guduma a hannu.

"Wutata ake sha, masarata ake ci! Buɗe in gan shi, ko in rushe kayan banza."

Ña Zunilda ta tsaya a bakin ƙofar.  Ta matsa gefe.

"Buɗe da kanka. Ka dai san teju in aka tashe shi ya kama yatsa, ba ya saki sai an yi tsawa. Ga shi ko hadari babu."

Ya dubi ƙofar. Ya dubi yatsunsa. Ya sauke gudumar.

"Satumba, Ña. In ban gan shi da ɓera a baki ba, wuta zan sa wa wurin."

"Allah ya kai mu."

Da rana ta yi ja, Ña Zunilda ta sumbaci jikoki, ta fita ta ƙofar gaba, ta bi hanyar tasha. A kwanar farko ta juya. Ƙanwarta ta Luque ko ƙofa ba ta buɗe mata ba tun ranar farko. Ta zagayo ta tsagar katanga, ta durƙusa, ta rarrafa ciki, ta ja sakata. Ta miƙe: daga kai zuwa diddige daidai, har da rarar taki guda. Ta jawo akwatin da babu komai a ciki ta yi matashi da shi.

Ta ɓare ƙwai, ta ɗaga ido ga kwanon da ta saya ranar da ta kai Saje da hannunta wurin masu sayen fata, ta ce, "Yi barcinka, tsoho. Ka rufe ni har Satumba."