Layin da Ba Ya Kwana Biyu

Direba ya ɗaga wayarsa sama, ya hau kujera, ya sauko. Babu sabis ko ɗigo. Ga shi mai babbar mota ya yi alkawarin kiransa cikin makon nan ya ba shi aiki, kuma ba mutumin da ke kira sau biyu ba ne.

Kakarsa na tsugunne a bakin murhu tana dirzar tukunya. Tsohuwa ce da ba ta ga maciji da ƙazanta; cokulanta har sun sirance don sanin hannunta.

"Maigidan, sauka kar ka karya mini kujera. Ko wanka ba ka yi ba kake neman aiki."

Ya tafi wurin mai gyara. Aka sa layinsa a wata waya, shiru. Aka sa wani layin a tasa, ta kama tangaram.

"Wayarka lafiya lau. Layin ne ya mutu. Dubi yadda ya koɗe."

Ya je ofishin kamfanin layi aka sake masa sabo da lambarsa. A gida ya buɗe murfin wayar a gaban Kaka, ya nuna mata ɗan abin, ya mayar. Ta kalla, ta taɓe baki. Ya ajiye a tagar ɗakinta, inda sabis ya fi ƙarfi, ya shiga wanka. Da ya fito, shiru.

Aka sake sabo, ya mutu. Mai gyara ya sosa ƙeya ya ce to wayar ce ke cin layi. Direba ya sayar da agogonsa ya sayi wata wayar, aka sake masa wani layin da lambarsa. A hanya mai mota ya kira, ya ce yana cikin taro, ya jira kiransa da la'asar.

Sai ya ajiye wayar a taga, ya shiga wanka yana waƙa, don yaran yanzu ba sa ɗaukar darasi. Ya fito ya tarar da ita a buɗe, batir gefe guda. Kaka ta miƙo masa layin, fari fat, yana ɗigar ruwa.

"Wannan ma da tsatsa suka sayar maka, maigidan. Da ƙyar soson ƙarfe ya fitar da ita, ta fi ta sauran taurin kai."