Hannun da Bai Tashi Ba

Ranar da aka kira sunan Isma'ila tela cikin waɗanda za a zaɓa masu hidimar ikilisiya, bai dubi Fasto Safiyanu ba. Bencin mata na baya ya waiga. Tsohuwa Zulai na nan inda take zama kullum, ta kafe shi da ido.

A 'yar majami'arsu ta Agiye, jama'a ke ba da sunaye. Dattawa su tace, a bar sunan ya yi makonni a kunnen mutane, sannan a ɗaga hannu. Ko mutum ɗaya mai baftisma ya ƙi, sai ya miƙe ya faɗi dalili, a dakatar da zaɓen.

Sau ɗaya Zulai ta taɓa ƙi. Wani magidanci aka tsayar dattijo, ta ce a bar shi ya huta, ita ba ta ga ya kai kaka ba. Aka yi mata dariya. Gero bai fid da kai ba aka binne shi. Tun daga nan ba mai son ta daɗe tana kallonsa.

Shi kuwa Isma'ila tun zuwansa garin take kallonsa. Lahadinsa ta farko ta tare shi bakin ƙofa.

"Daga ina?"

"Gidan Sori, Inna."

"Gidan wa?"

"Gidan marigayi Mudassir."

Ta dube shi kamar wanda ta riga ta raka kushewa, ta juya ba ko sannu. Ba ta sake yi masa magana ba. Kowa ta kan kira da sunansa, shi sai dai ta ce "telan nan". In ya shigo wuri, ta ja mayafi ta fita. Amma da rana tsaka, yana kan keken ɗinki, sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi. In ya ɗago, tana tsaye gindin bishiyar bedi a ƙetaren hanya, ba ta saye, ba ta sayarwa.

Ya fara rama. Tari kaɗan zai yi ya tsaya yana sauraren ƙirjinsa. Matarsa Najiba ta ce ya janye sunansa, ya ƙi. Maraya ne, a hannun gwaggonsa ya tashi, uba ya rasu yana goye, uwa kuma an ce masa ta bi bayansa. Da ya karɓi baftisma a Maradi, gwaggon ta shimfiɗa tabarmi, ta karɓi gaisuwar mutuwarsa yana raye. Haka gidansu ke yi wa wanda ya bi wannan hanya. Mutanen majami'ar nan su ne danginsa da suka rage, kuma ga shi sun ce sun yarda da shi. Bai ga yadda zai mayar musu da wannan ba.

Ranar zaɓe ɗakin ya cika, kwanon rufi na ƙara da zafi. Fasto ya karanta halin da ake nema ga mai hidima, ya yi addu'a, ya tuna musu ƙa'ida: matar mutum da jininsa ba su ɗaga masa hannu, don kada a ce son kai. Najiba ta haɗe hannuwanta a cinya.

"Masu yarda da ɗan'uwanmu Isma'ila."

Hannuwa suka tashi benci bayan benci, na manoma, na 'yan kasuwa, na matan zumunta. Isma'ila bai waiga ba. Fuskar Fasto ya kalla, ya ga idonsa ya bi layi har baya, ya tsaya. Wani jariri ya fara kuka, aka toshe masa baki da nono.

Isma'ila ya gane hannun Zulai ne bai tashi ba. Ashe dai ta hango ajalinsa. Ya fara tunanin wa zai riƙe Najiba da yara.

"Inna Zulai," in ji Fasto a hankali, "ba ki ɗaga ba. Sai ki tashi ki gaya wa ikilisiya abin da kika sani."

Ta daɗe kafin ta miƙe. Ta dafa bencin gaba. Wannan karon ba ta kalli Isma'ila ba, ƙasa ta duba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ni ban ƙi ba, Fasto. Kai ka ce jinin mutum ba ya ɗaga mishi hannu. Ɗan farina ne, da nono a baki suka ƙwace shi ranar da suka zauna makokina a Gidan Sori."