Malamin Aji Ɗaya da Rabin Albashi

Tun da ka ce za ka riƙe albashin malamanka har sai ka ga sakamakon yara, zauna in ba ka misali, ɗana.

An yi wani malami a wata makarantar kuɗi da ke bakin kasuwar wani gari, aji ɗaya yake koyarwa. Allah ya ba shi haƙuri da baiwar buɗe kan yaro. Idan an tashi ba ya wucewa gida, sai ya tara waɗanda karatu bai shige su ba a gindin darbejiya, yana zana musu baƙaƙe a ƙasa da tsinke har su gane. Mai makarantar kuwa ɗan kasuwar hatsi ne, ya saba ba ya biya sai an auna a gabansa. Wata rana ya tara malamai ya ce daga yanzu rabin albashi za a riƙa ba su, ragowar sai ƙarshen shekara, wanda ajinsa ya ci jarrabawa ya karɓa. Malamin bai yi musu ba, don ya yarda da aikinsa. Amma tukunya ba ta jiran ƙarshen shekara. Matarsa na goyo, mahaifiyarsa na kwance da ciwon ƙafa, rabin nan kuwa ko tsakiyar wata ba ya kai su. Sai ya shiga sauke kwandunan tumatir a tasha bayan sallar asuba, da yamma kuma ya karɓi babur ɗin maƙwabcinsa ya yi haya. Yakan shigo aji kafaɗa na zogi. Ran nan ya ba yara aiki ya kifa kai a tebur, ba abin da ya tashe shi sai dariyarsu. Zaman gindin darbejiya kuwa ya mutu.

Akwai wata yarinya mai in'ina a ajin, ta kusa fara haɗa baƙi da wasali. Kullum aka kaɗa ƙararrawa sai ta biyo shi da littafinta, shi kuma ya ce mata, "Gobe, 'yata," ya wuce, har ta gaji ta daina biyo shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar da ya tsinci kansa yana duban yaran da ke baya a karatu kamar masu cire masa loma daga baki. Ya san ba daidai ba ne, amma ya mayar da su bencin ƙarshe, ya daina kiran sunansu, ya zuba ɗan ƙarfin da ya rage masa a kan 'yan gaba. Duk da haka da jarrabawa ta zo ajin ya faɗi, domin 'yan gaban ma hadda kawai yake ɗura musu, idonsa na kan ƙofa. Mai makaranta ya kira shi ofis ya ce, "Malam, ka gani ko? Da na biya ka duka, da na tafka asara." Malamin ya ajiye alli a kan tebur ya fita, bai sake komawa ba. Dako ya zama sana'arsa, idan ya hango wani ɗalibinsa a tasha sai ya sunkuyar da kai ƙarƙashin kwando har yaron ya wuce. Sauran malaman ma suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Iyaye masu hali suka sauya wa 'ya'yansu makaranta, marasa hali suka zaunar da nasu a gida.

Har gobe mai hatsin cewa yake yi malaman zamani ba su da kishin aiki. Kai kuwa, ɗana, kafin ka taɓa albashin kowa, tuna abin da Hausawa suka ce: da ruwan ciki ake jan na rijiya.