Kofin da ke kan tebur

Karo na uku ke nan Kawu yana sa safar hannu a ƙofar ɗakin jarrabawar nan. Haka 'yan ajin ke kiransa, don a haife ya haifi yawancinsu. In ya sake faɗuwa yau, jami'a za ta sallame shi.

Ɗakin bai canja ba. Mutum-mutumi kwance a ƙasa an zagaye shi da alli, kujera a kife, kofin gilashi ɗaya a kan tebur. Kowace shekara Dakta, malamin da ke koyar da binciken wurin da aka aikata laifi, yana shirya shi daga wani tsohon fayil na kisan kai da aka goge sunayen ciki. Amsar ma kowa ya haddace ta: an sami zanen yatsun mai gyaran famfo a jikin kofin, don haka shi ya kashe mai gidan.

Kawu ya auna, ya ɗauki hoto, ya kaɗa hoda da buroshi. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Famfon kusurwar ɗakin na ɗiga, ya matse shi da hannu ɗaya bai ko duba ba. Da mai gadi ya wuce yana kaɗa makullai, sai da Kawu ya miƙe tsaye ƙyam kafin ya tuna ya koma tsugune.

Ya ɗauki biro. Layi ɗaya zai rubuta, takardar digirin da ya yi shekara shida yana nema ta zama tasa. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya rubuta abin da ya rubuta bara da bara waccan.

Dakta ya karanta a tsaye, ya cire tabarau ya murza ido.

"Haba Kawu, taurin kai sai ka ce na gado? Kotu ta gama da maganar nan tun ɗaliban nan suna rarrafe."

"Dakta, yatsu a jikin kofi ba su nuna kisa ba. Ruwa kawai mutumin ya sha."

"Fayil bai ce haka ba. Wa ya gaya maka ruwa ya sha?"

Kawu ya zare safar a hankali ya jefa a kwandon shara. Babu wanda ya gaya masa. Har yau dai yana tuna ƙishirwar da ta sa ya roƙi ruwan, da shekara goma sha huɗun da kofin nan ya ci masa a gidan yari.