Sharaɗin Shekara Uku

Ƙofar ofishin tana cijewa. Tsohon ya ɗan ɗaga mariƙinta sama kafin ya tura, ta buɗe ba gardama.

Jami'ar da ke ciki ta ɗago kai daga kwamfuta. "A'a, Baba, hannunka da albarka! Ni kullum sai mun yi kokawa da ita."

Ya yi murmushi. Ya wuce kujerar da ke gaban teburin, ya jawo wadda ke jikin bango ya zauna.

Buƙatarsa ƙarama ce a faɗe. Jikarsa na kwance a asibiti, ƙodojinta sun gaza, an gwada dangi kaf ba wanda ya dace. Shi da wasu iyaye masu irin wannan jinya suka kafa 'yar ƙungiya, suka buɗe shafi a intanet suna neman mai ba da ƙoda. Amma shafin ya zama rijiya a tsakiyar daji, ba mai bi ta kansa. Shafin wannan babbar ƙungiyar lafiya kuwa, dubban mutane ke shiga kullum. Abin da yake roƙo layi ɗaya ne a gefe, wanda in mutum ya latsa zai kai shi wurinsu.

Jami'ar ta buɗe shafin nasu, tana dubawa tana gyaɗa kai.

"Ba ku tallar magani. Ba ruwanku da siyasa. Likita na duba abin da kuke rubutawa, ga adireshi, ga waya. Wallahi kun fi wasu manyan tsabta, kamar da ƙa'idojinmu a hannu kuka gina shi." Sai ta tsaya. "Yaushe kuka yi rajista?"

"Bara."

Ta sauke hannu daga kan madannai. "Sai ƙungiya ta cika shekara uku, Baba."

Likita bai ba jikarsa shekara uku ba. Ko ɗaya ma bai yi alkawari ba.

"'Yata, ba za a kai wa shugaba ba?" Ya yi tambayar a hankali, idonsa a ƙasa.

"Ai a nan gizo ke saƙa. Saurara ka ji." Ta karanto daga kwamfutar: "Babu wani jami'i, ko da shugaba ne, da ke da ikon sassauta wannan sharaɗi saboda roƙo, ko sanayya, ko tausayi."

Leɓɓan tsohon suna motsi. Ta ɗauka addu'a yake yi.

"Ka ji fa, har tausayin an toshe masa hanya! Wanda ya tsara wannan ban tarar da shi ba, amma dutse ne a ƙirjinsa. Wai 'yan damfara suka taɓa ɓata wa ƙungiya suna, shi ne ya rantse. An ce wata uwa ta zo tana kuka a kan ɗanta, ya saurare ta tsaf, ya raka ta har bakin ƙofar nan."

"Ƙila gani yake daidai ya yi."

"Allah dai ya isar mata. Ka yi haƙuri, Baba. Ku dawo in lokaci ya cika."

Ya gode mata, ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta. A kan matakala wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce daga asibiti, ya san abin da za ta tambaya. Ya riƙe wayar a tafin hannu har ta yi shiru.

Ya daɗe tsaye yana neman wata kafa, ko ta allura ce, a cikin jimlar nan. Bai samu ba, kuma ya san ba zai samu ba. Yana tune da yammacin da ya zauna a wancan teburin ya ƙara "ko tausayi" da jan alƙalaminsa, ya koma gida yana jin daɗin bai bar wa kowa ƙofa ba.