Ƙiyasin Natan

"Injiniya, ƙiyasi kawai nake so. Nawa gida mai ɗaki uku zai ci, kuma yaushe zan tare?"

Mai tambayar Malam Awwal ne, ma'aikacin Abuja da tsadar haya ta koro Keffi. Ya zo ofishin Natan a Sabon Gari ba zanen gida, ba takarda. Filin ma bai saya ba tukuna. Ya dai ce yana bayan gari, ta hanyar Akwanga.

Natan ya taɓa yin ƙiyasi da araha, ya ƙarasa ginin daga aljihunsa. Tun daga nan ba ya wasa.

"Ƙasar wajen tana riƙe ruwa, sai an zurfafa tushe. Da damina tifa ba ta shiga. Ka ninka abin da ke ranka, ka ba ni shekara biyu."

"Ka san filin ne?"

"Ba sai na gani ba. Duk yankin haka yake."

Malam Awwal ya yi godiya ya tafi.

Da la'asar Yero dillali ya kira Natan.

"Oga, cinikin filinka na hanyar Akwanga ya watse. Mutumin Abujan ya fasa."

Da kuɗin filin za a yi wa matar Natan aikin ido.

"Me ya faru?"

"Wani injiniya ne ya ce masa wurin fadama ce. Ina neman sunansa. In na samu, tare za mu je masa."