Facin da Inna Ta Yi wa Tutar Lakwal

Ina cikin jan igiyar tuta sai na ji taken ƙasa ya mutu a bakin 'yan lakwal ɗinmu ta Deule. Ina ƙaramin aji lokacin. Malaminmu, Mushe Illa, shi ya ba ni tutar in kai gida a wanke, Inna kuwa ta tarar iska ta cinye gefen mai ruwan lemo. Ba ta da ƙyalle sai zanen da wata jam'iyya ta raba wa mata gabanin zaɓe. Ta yanka ta yi faci, ta ce, "Ai launin ya yi kusa."

Samarin ɗayar jam'iyyar na shan shayi a bakin katanga. Suka shigo da gudu.

"Ɗiyar wa ta wagga? Ƙasar ma kun ɗinke ta ga partinku?"

Ɗaya ya damƙe mini hannu, yana warin taba. "Gwada muna gidanku, mu ga telar!"

Mushe ya sauke tutar, ya sa haƙori ya farke facin a gabansu. Har yau ina jin ƙarar zaren Inna yana tsinkewa. Yanzu na gama lise, babbar sakandare, amma ba na sayen zane sai na tambaya launin na su wane ne.

Ran nan bayan la'asar Mushe ya raka ni gida ta bayan gari. A ƙofa ya ce, "Ya wuce, ɗiyata, ba mai taɓa ku."

Yana faɗi yana waiwayen hanya.